Tsalle Ɗaya Ake Yi a Faɗa Rijiya: Yadda Rauni Ke Karya Darajar Matashin Ɗan Ƙwallon Kwando

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fita ba. Da wuya a sami wanda karin maganar nan ya fi dacewa da shi kamar ɗan ƙwallon kwando, wanda sana'arsa baki ɗaya tsalle ce da dira. Duk wanda ya taɓa shiga zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya san yadda matasa ke zuba ƙwazo a wannan wasa, kowa da burin ya shiga ƙungiyar Kano Pillars, wadda ta sha lashe gasar ƙasa, ko ya sami gurbin karatu a ƙetare, ko ma ya kai ga gasar NBA ta Amurka. Burin ba na banza ba ne. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi kuma a can ya koyi wasan.

Sai dai akwai abin da matasa ba su cika sa wa a lissafi ba, wato rauni. Dira guda da ba ta yi daidai ba tana iya raba ɗan wasa da fili na shekara guda, ta kuma zubar da farashinsa a idon ƙungiyoyi, ko da daga baya ya warke. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin haka ta fuskar ilimin halittu: yadda gaɓa take, yadda take warkewa, da yadda masu ƙungiyoyi ke mayar da wannan ilimi ya zama lissafin kuɗi.

Kasuwar 'Yan Wasa

Kafin mu shiga cikin jiki, ya kamata mai karatu ya fahimci kasuwar. Ƙwararren ɗan wasa yana aiki ne bisa kwantiragi, wato yarjejeniyar da ta fayyace yawan shekaru da yawan albashi. Muddin kwantiragin bai ƙare ba, ba shi da ikon komawa wata ƙungiya don kansa. Ranar da ya ƙare kuwa, sai ya zama ɗan wasa mai cin gashin kansa: kowace ƙungiya na iya taya shi, shi kuma ya sallama wa wadda ta yi masa. A gasar NBA cikakken 'yanci irin wannan ya soma ne a 1988. A ƙwallon ƙafa ta Turai kuwa, hukuncin kotu na 1995 a shari'ar ɗan wasan nan na Beljiyam, Jean-Marc Bosman, shi ya buɗe ƙofar.

Matashi yana shiga NBA ne ta hanyar zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara, inda ƙungiyoyi ke ɗauka bi da bi. Tun daga 1995 aka ƙayyade albashin waɗanda aka ɗauka a zagayen farko gwargwadon lambar da aka ɗauke su. A tsarin da ake bi, shekaru biyun farko tabbatattu ne, ta uku da ta huɗu kuwa sai ƙungiya ta ga dama. Ke nan babban kuɗi ba ya zuwa sai a kwantiragi na biyu, lokacin da ɗan wasa yake tsakanin shekara 22 zuwa 26 da haihuwa. Shekarun nan huɗu na farko tamkar jarrabawa ce. Wanda rauni ya cinye masa ɗaya ko biyu daga cikinsu, ya shiga kasuwa da rabin sakamako.

Abin lura a nan shi ne, ƙungiya ba ta biyan ɗan wasa ladan abin da ya riga ya yi. Abin da take tsammani zai yi nan gaba take saye. Kamar mai sayen ɗan maraƙi ne a kasuwar Wudil: lafiyar ƙafa da alamun girma yake dubawa, domin gobe yake saye, ba jiya ba.

Ɗan Kano a Gasar NBA

Misali mafi kusa da mu shi ne na marigayi Yinka Dare, wanda aka haifa a Kano a 1972. Tsawonsa ya kai ƙafa 7, wato kimanin mita 2.13. Bai fara wasan da wuri ba, amma da ya isa Jami'ar George Washington ta Amurka sai ya yi fice wajen tare ƙwallo da kamo wadda ta dawo daga kwando, har ya taimaka wa jami'ar ta shiga sahun ƙungiyoyi 16 na ƙarshe a gasar jami'o'in ƙasar ta 1993. Bayan shekara biyu kacal ya bar jami'a, kuma a 1994 ƙungiyar New Jersey Nets ta ɗauke shi a lamba ta 14, ta ba shi kwantiragin shekara 6 na kimanin dalar Amurka miliyan 9.

A kakarsa ta farko, wasa ɗaya tak ya buga, na minti 3. Raunin gwiwa ya cinye sauran kakar. Ya dawo a kaka ta biyu ya buga wasa 58, ta uku 41, ta huɗu 10, jimla 110. A 1998 aka musanya shi zuwa ƙungiyar Orlando Magic, ita kuma ta sallame shi ba tare da ya buga mata ba. Ya zama mai cin gashin kansa yana ɗan shekara 25, lokacin da ya kamata a ce ana rububinsa, amma babu wata ƙungiyar NBA da ta sake ɗaukarsa. Ya ci gaba da wasa a ƙananan gasanni, kuma ya rasu a watan Janairu na 2004 a jihar New Jersey sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 31.

Adalci shi ne a ce ba rauni kaɗai ya taƙaita sana'ar Dare ba. Ya shiga gasar da sauran koyo a gabansa, musamman wajen miƙa ƙwallo da jefawa. To amma nan ne darasin yake. Matashin da aka ɗauka saboda abin da ake fatan zai zama, shekararsa ta farko ita ce makarantarsa. Rauni ya hana shi wannan makaranta, kuma kafin ya dawo ƙungiyar ta fara duban wasu.

Ginin Gwiwa

Hausa ta tara abubuwa da dama a ƙarƙashin kalmar jijiya: akwai ta jini, akwai ta saƙo mai kai ji da motsi, akwai kuma masu ɗauri. Masu ɗaurin nan iri biyu ne. Na farko su ne masu haɗa tsoka da ƙashi, kamar agara da ke bayan dunduniya. Na biyu su ne masu ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Dukansu an saƙa su ne da zaren wani furotin mai suna kolajin, wanda aka jera shi a miƙe kamar zaren igiyar rama, shi ya sa suke jure ja ƙwarai.

A gwiwa, ƙashin cinya yana zaune a kan ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuma yana gaba. Ƙasusuwan biyu ba su shige cikin juna kamar yadda kan ƙashin cinya ya shige kwarmin ƙugu ba. Ɗaya yana bisa ɗaya ne kawai, don haka ƙarfin gaɓar ya dogara ga jijiyoyin ɗauri guda huɗu da tsokokin da ke kewaye. Biyu suna gefe da gefe, suna hana gwiwa karkacewa ciki ko waje. Biyu kuma suna tsakiyar gaɓar sun gicciye juna, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ta gaban, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ACL, tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma aikinta shi ne hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Tsakanin ƙasusuwan akwai matasai biyu na guringuntsi masu siffar jinjirin wata, waɗanda ke rarraba nauyi. Kawunan ƙasusuwan kuma an shafe su da wani guringuntsi mai santsi, gaɓar duka tana cikin jaka mai ɗauke da ruwa mai yauƙi da ke aikin man shafawa.

Idan ɗan wasa ya dira daga tsalle, ƙarfin da ke bi ta ƙafafunsa yakan ninka nauyin jikinsa sau uku, sau huɗu ko fiye. In ya dira da gwiwa a lanƙwashe, tsokokin cinya da na ɗuwawu ne ke shanye bugun. In kuwa ya dira da ƙafa ɗaya, gwiwa a miƙe kuma ta karkata ciki, ko ya kafa ƙafa ya juya jiki farat ɗaya, nauyin sai ya faɗa kan jijiyar gicciye ta gaba, ta tsinke cikin ƙiftawar ido. Mafi yawan tsinkewarta haka yake faruwa, ba tare da wani ya taɓa ɗan wasan ba. 'Yan mata kuma sun fi maza shiga wannan haɗari, abin da ya kamata malaman wasanni na makarantun mata su riƙe.

Dalilin da Ya Sa Wani Rauni Ya Fi Wani

Duk wata warkewa a jiki tana bin matakai uku. Da farko jini yana taruwa ya daskare a wurin, kumburi ya biyo baya, fararen ƙwayoyin jini su share matattun ƙwayoyin halitta. Wannan yana ɗaukar 'yan kwanaki. Daga nan ƙwayoyin halitta masu saƙa kolajin suna bin daskararren jinin kamar magina a kan tsani, su shimfiɗa sabon zare cikin makonni. A mataki na uku, wanda ke ɗaukar watanni har fiye da shekara, jiki yana warware zaren da aka saƙa a hargitse, ya sake jera shi daidai da inda nauyi ke bi.

Duk matakan nan jini ne ke ɗauke da kayan aikinsu. Saboda haka ƙa'idar ita ce, gwargwadon yawan jinin da ke isa wuri, gwargwadon saurin warkewarsa. Ƙashi yana samun jini sosai, shi ya sa karaya ta yau da kullum ke haɗewa cikin mako 6 zuwa 12, kuma ƙashi da ƙashi yake gyara kansa, ba da tabo ba. Tsoka ma tana warkewa da sauri. Jijiyoyin ɗauri jininsu kaɗan ne, kuma da tabo suke warkewa, wanda bai kai asali ƙarfi ba. Guringuntsin kan ƙashi kuwa ba shi da hanyoyin jini ko kaɗan, don haka abin da ya goge ya tafi ke nan. Matasan gwiwa gefensu na waje kawai ke samun jini. Wannan ya sa wani lokaci ɗan wasan da ya karye ya fi wanda ya yi abin da ake ɗauka targaɗe ne sa'a.

Jijiyar gicciye ta gaba tana da wata matsalar ta daban. Tana cikin jakar gaɓa, kuma ruwan gaɓa yana narkar da daskararren jini kafin ya zama gada tsakanin bakunan da suka rabu. Ba gada, ba saƙa. Shi ya sa ga ɗan wasan da ke son komawa fili, likitoci kan yi tiyata su yanko wata jijiya daga jikinsa, galibi daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko bayan cinya, su huda ƙasusuwan biyu su zura ta a madadin wadda ta tsinke. Sabuwar jijiyar takan yi rauni a watannin farko kafin jini ya ratsa ta, ta soma ƙarfi. A daidai wannan lokaci tsokar cinya tana ramewa saboda rashin aiki, kuma ƙananan jijiyoyin saƙo da ke cikin tsohuwar jijiyar, masu sanar da ƙwaƙwalwa matsayin gwiwa ba sai an duba ba, sun tafi tare da ita. Dole a sake koya wa jiki tsayuwa da dira. Wannan ne ya sa komawa fili ke ɗaukar wata 9 zuwa 12. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan marasa lafiya a Amurka da Norwe ya nuna cewa duk wata guda da aka ƙara jira, har zuwa wata na 9, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Agara ita ce mafi kauri da ƙarfi a jijiyoyin jikin mutum, kuma ita ce ke adana ƙarfin tsalle kamar roba. Akwai wani yanki nata, santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, inda jini ya yi ƙaranci, kuma nan ta fi tsinkewa. Ko an ɗinke ta, takan warke da ɗan ƙarin tsawo, tsokar sharaɓa ta rage ƙarfi, tsalle ya ragu. Ga ɗan ƙwallon kwando, da wuya a sami raunin da ya fi wannan muni.

Tsawo: Jari da Jarrabawa

Tsawon da ke ɗaga darajar ɗan wasa shi ne kuma ke ɗora wa gaɓoɓinsa kaya. Ɗaliban lissafi za su iya gwada wannan da kansu. A ɗauki mutum biyu masu siffar jiki iri ɗaya, ɗaya mita 1.70, ɗaya mita 2.13. Na biyun ya ninka na farko sau 1.25 a tsawo. Ƙarfin ƙashi da jijiya ya dogara ga faɗin yankinsu, wanda ke ƙaruwa da 1.25 sau 1.25, wato 1.56. Nauyi kuwa ya dogara ga girman jiki duka, wanda ke ƙaruwa da 1.25 sau uku a jere, wato 1.95. Ke nan nauyi ya kusa ninkawa biyu, amma abin da ke ɗauke da shi rabi kawai ya ƙaru. Kowane ɗan yanki na ƙashin dogon yana ɗaukar kaya da ya ɗara na gajeren da kashi 25 cikin 100.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa dogayen 'yan wasa ke fama da tsagewar ƙashi ta gajiya, wato tsagar da ke taruwa sannu a hankali saboda maimaita bugu ba hutu, musamman a ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa waɗanda jininsu bai wadata ba. Ga 'yan sakandare akwai ƙarin abin lura. Ƙasusuwansu na da faifan girma na guringuntsi kusa da kawunansu, wanda bai kai jijiyar da ke kusa da shi ƙarfi ba. Abin da zai zama targaɗe ga babba yana iya zama karayar faifan girma ga yaro, kuma in ba a gyara daidai ba ƙafar na iya gajarcewa ko karkacewa.

Yadda Ƙungiya Ke Lissafi

Kafin a sa hannu a kwantiragi, likitocin ƙungiya suna duba ɗan wasa, su ɗauki hoton gaɓoɓinsa da na'urar MRI, su karanta tarihin lafiyarsa. Amsar tambayoyi huɗu suke nema. Wasa nawa zai iya bugawa a shekara? Kashi nawa na ƙarfinsa na da zai dawo? Mene ne haɗarin sake rauni, ganin cewa raunin baya yana cikin manyan alamun rauni na gaba? Shekara nawa gaɓar za ta ɗauka kafin amosanin gaɓɓai ya kama ta, kamar yadda yakan faru da wuri ga gwiwar da ta taɓa rasa jijiya ko matashi?

Ga misali na lissafi kawai, don a ga yadda abin ke aiki. A ce lafiyayyen ɗan wasa yana buga wasa 9 cikin 10 da cikakken ƙarfinsa, ana biyansa naira miliyan 10 a shekara. Bayan rauni ana tsammanin zai buga 6 cikin 10, da kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa. Amfaninsa ya tashi daga 0.9 ya koma 0.6 sau 0.9, wato 0.54. Idan aka raba 0.54 da 0.9 za a sami 0.6, don haka albashin ya koma miliyan 6. Ba a nan asarar ta tsaya ba. Ƙungiyar da a da za ta ba shi shekara 4, yanzu shekara 1 za ta ba shi don ta gani. Kuɗin da ya tabbata a hannunsa ya faɗo daga miliyan 40 zuwa miliyan 6, alhali ƙwarewarsa kashi 10 kawai ta ragu.

Abin da ya faru a zahiri bai yi nisa da wannan ba. Festus Ezeli, haifaffen birnin Benin a Nijeriya, ya ci kofin NBA da ƙungiyar Golden State Warriors a 2015, amma an yi masa tiyata a gwiwa fiye da sau ɗaya. Da ya shiga kasuwa a 2016, shekarar da kuɗi suka yi yawa a gasar, takwarorinsa dogaye sun kwashi garaɓasa: Timofey Mozgov ya sami dala miliyan 64 na shekara 4, Bismack Biyombo ɗan Kwango ya sami miliyan 72 na shekara 4. Ezeli kuwa shekara 2 ya samu a Portland kan kimanin miliyan 15, shekara ta biyun ma ba a tabbatar masa da ita duka ba. Tsoron ƙungiyoyin ya tabbata, don bai buga wa Portland wasa ko ɗaya ba.

Lokacin da rauni ya zo ma yana da tasiri. DeMarcus Cousins yana cin maki 25 a kowane wasa, ana hasashen zai sami fiye da dala miliyan 150, sai agararsa ta tsinke a watan Janairu na 2018, wata biyar kafin kwantiraginsa ya ƙare. Abin da ya samu shi ne shekara 1 kan miliyan 5.3. A 2019 tsokar cinyarsa ta yage, bayan 'yan watanni kuma jijiyar gicciye ta tsinke, duk a ƙafar hagu ɗaya. Victor Oladipo, wanda mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce, jijiyar saman ƙoƙon gwiwarsa ta tsinke a 2019. A farkon 2021 ya ƙi tayin dala miliyan 45 na shekara 2 da fatan samun fiye da haka, sai aka sake yi masa tiyata a wurin, ya ƙare da kimanin miliyan 2.4 na shekara 1.

Ba kowa rauni ke karya wa farashi ba. Agarar Kevin Durant ta tsinke a watan Yuni na 2019, amma bayan makonni uku ya amince da kwantiragin dala miliyan 164 da ƙungiyar Brooklyn, duk da an san ba zai buga kaka guda ba. Dalili shi ne ya riga ya shafe shekara 12 yana nuna ko shi wane ne, kuma ƙwarewarsa ta jefa ƙwallo ba ta dogara ga tsalle kaɗai ba. Joel Embiid ɗan Kamaru ya rasa kakarsa biyu na farko saboda tsagewar ƙashin ƙafa. A 2017, da wasa 31 kacal a tarihinsa, ƙungiyar Philadelphia ta ba shi kimanin miliyan 148, amma da sharaɗin rage kuɗin in tsofaffin raunukansa suka dawo. A 2023 aka zaɓe shi gwarzon gasar. Abin da za a fahimta shi ne, wanda baiwarsa ba ta da na biyu ana yi masa uzuri. Matsakaicin matashi, wanda akwai goma irinsa a layi, shi kasuwa ke wa rashin tausayi.

Abin da Ya Shafe Mu a Gida

Idan haka abin yake a inda ake da inshora da likitoci da kwantiragi a rubuce, to matashin Kano ya fi buƙatar taka tsantsan. Yawancin filayenmu daɓen siminti ne, wanda ba ya shanye bugu kamar daɓen katako. Takalma sukan suɗe. Zafin bazara yana jawo ƙishirwa da gajiya, kuma tsokar da ta gaji ba ta kare gaɓa. Mai neman gurbin karatu a ƙetare, ko shiga gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka da aka fara a 2021, sau da yawa dama ɗaya yake samu a gaban masu zaɓe. Rauni a makon gwaji yana iya rufe ƙofar.

Rigakafi ya fi magani. Tsararren ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20 kafin wasa, wanda ya ƙunshi ƙarfafa cinya da ƙugu, tsayuwa da ƙafa ɗaya da koyon dira, yana rage rauni. Shirin da hukumar FIFA ta fitar a 2006 mai suna 11+ an gwada shi an ga yana rage raunuka da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma ba ya buƙatar kayan aiki. Malamin wasanni ya koya wa yara dira da ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsun ƙafa. A ƙara nauyin atisaye sannu a hankali, a ba da ranakun hutu, a sha ruwa, a sami barci da abinci mai gina jiki irin su wake, gyaɗa, nono, ƙwai da kifi. Yaron da ke suma, ko jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya marar tsari lokacin wasa, a kai shi likita ya duba zuciyarsa kafin ya ci gaba.

In rauni ya auku, a dakatar da wasa nan take. A sa ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar. Kada a gasa da ruwan zafi ko a murza a kwana biyu zuwa uku na farko, domin hakan na ƙara zubar jini a ciki. Alamu huɗu ne ke cewa a tafi asibiti ba jinkiri: jin ƙara kamar an tsinka igiya, kumburi mai yawa cikin 'yan sa'o'i, gwiwa tana sulluɓewa ko maƙalewa, da kasa taka ƙafa. Kano ta yi sa'a da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, ga kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, don haka jin cewa babu karaya ba ya nufin babu rauni.

Maɗora sun daɗe suna yi wa al'umma hidima, amma jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa ba ta ɗoruwa daga waje, kuma ɗauri mai tsanani yana iya tare jini har gaɓa ta lalace. Haka kuma shan ƙwayoyi irin su tiramadol don a danne zafi a koma fili ganganci ne. Jiki magayi: zafi saƙo ne, kuma kashe ɗan aike ba ya soke saƙon. Bayan tiyata, a cika wa'adin likitan gashi ko da an ji sauƙi. Duk wanda za a ɗauka a ƙungiya ya nemi a rubuta masa wanda zai biya magani da albashi in ya ji rauni.

Kammalawa

Darajar ɗan wasa a kasuwa hasashe ce a kan lafiyar wasu 'yan santimitoci na kolajin da guringuntsi, waɗanda jini bai wadace su ba kuma ba su san gaggawa ba. Rauni yana rage wasannin da za a buga, ya rage ƙarfi, ya ƙara haɗari, sannan ya cinye shekarun koyo, kuma ƙungiyoyi suna cire kuɗin kowanne daga albashi da tsawon kwantiragi. Ɗalibin da ya san haka zai ɗauki ɗumama jiki da hutu da muhimmancin da yake ba jefa ƙwallo, zai kuma riƙe karatunsa da kyau, tun da sana'ar wasa gajeriya ce ko ga wanda bai taɓa rauni ba. Malamai kuma suna da damar haɗa darasin ƙasusuwa da gaɓoɓi da abin da ɗalibai ke gani a fili, ta yadda ajin ilimin halittu zai zama matakin farko na kare su. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kiyashe matasanmu.